Sunan da Voss Ya Raɗa Mini

Ana saura mako guda a yi zaɓen sababbin 'yan wasa, sai ga labari a jarida wai ƙungiyarmu ta ƙwallafa rai a kan Keon Arceneaux. A sana'armu ta ƙwallon Amurka babu tonon silili da ya kai wannan. Bi da bi ake ɗaukar yaran da suka fito daga jami'a, kuma ƙungiyar da ke gabanmu a layi ita ma mai tsaron gefe take nema ido rufe. In ta san wanda kake so, a gabanka za ta ɗauke shi, ta bar ka da ragowa.

Washegari Harlan Voss, manajanmu, ya shigo ɗakin taro bai gai da kowa ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai mai sakin baki a ɗakin nan," in ji shi. "Ranar da na gano shi, ko hularsa ba zai tsaya ɗauka ba."

Da ya zo kaina idonsa ya ɗan daɗe, na kuma san dalili. Brenda Lusk, wadda ta rubuta labarin, 'yar aminina ce marigayi, a gabana ta girma. Duk Laraba muna cin gasasshen nama tare a wani shago bayan filin wasa, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ni Rufus Gaskin, a kan hanya na yi furfura ina zagaya ƙananan jami'o'in Kudu ina duba yaran da za mu iya ɗauka, kuma maganar ɗaki ba ta taɓa bi na waje ba. In aka kore ni da wannan tambarin, ko gadin ƙofa babu ƙungiyar da za ta ba ni.

Aka kashe fitila aka kunna bidiyo. Yara biyu ne a gabanmu. Arceneaux na Tolliver ne, abokin aikina kuma abokin gardamata: dogon yaro, ɗan babbar jami'a, ga gudu kamar an koro shi. Nawa kuwa Jovan Pettaway ne, ɗan wata ƙaramar makaranta a Mississippi.

"Dubi hannayensa, don Allah," in ji Tolliver. "Wannan ɗan guntun naka ko ƙwan fitila ba zai iya canjawa ba sai da kujera."

"Naka fa?" na ce. "In aka wuce shi sai ya cafko rigar mutum kamar mai bin bashi. Dubi ƙugun Pettaway in zai juya daga gudun baya. Kuma na gani da idona an zuba masa ƙasa a ido, mutum ya wuce shi ya ci, 'yan kallo suna masa ihu. Da aka dawo wasa shi ya tare ƙwallon gaba. Yaron ba ya riƙe abu a rai, aikin ke nan."

A da sai ɗakin ya kaure da musu, amma ranar kowa yana tauna maganarsa kafin ya fito da ita. Har Tolliver na kama shi yana satar kallon wayata.

Da aka tashi Voss ya ja ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Ka yi gaskiya, tsoho. Pettaway za mu ɗauka. Daga ni sai kai muka sani."

Na yi godiya na fito, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ni yaro ne? Tsohuwar dabara ce: a raɗa wa kowa suna daban, a zauna a ga wanne zai fito a jarida. Na ce a raina, tarko ne ya ɗana mini, to zai daɗe yana jira.

Ranar Laraba na je cin naman, don in na ƙi zuwa ma sai a ce ina da abin ɓoyewa. Brenda ta tura mini farantin wake.

"Kawu Rufus, ka yi wani iri. Yaron nan na Mississippi da kake yawan zuwa gani, ya ake ciki?"

"Miƙo mini yajin nan."

"Gyaɗa mini kai kawai, sau ɗaya."

"Wuyana ciwo yake. Ci namanki."

Ta yi dariya ta ƙyale ni. Kocin Pettaway ma ya yi ta bugo waya, mutumin da nake kwana a gidansa in na je garinsu, na ƙi ɗagawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na daure.

Ranar zaɓe muka cika ɗakin, talabijin a bango, wayoyi jere a kan tebur. Aka zo kan ƙungiyar da ke gabanmu. Mai sanarwa ya kira Keon Arceneaux. Tolliver ya dafe kai. Voss ya zura wa talabijin ido, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce wa mai riƙe wayar aika zaɓinmu, "Pettaway."

Ni na kira yaron. Ina jin mahaifiyarsa tana kuka a bayansa, shi kuma sai "Na gode, Mista Gaskin" yake ta maimaitawa. Wallahi ni ma sai da na goge ido. Sunansa bai fito a jarida ba, ga shi mun same shi, na ce yau dai an wanke ni.

Na tarar da Voss shi kaɗai wajen tukunyar kofi. Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba.

"Me ya rufe maka baki?" ya ce.

"Ban gane ba, maigida."

"Laraba ta zo ta wuce, na buɗe jarida ban ga komai ba. Da yarinyar nan ta rubuta Pettaway, su can sai su yi wuf su ɗauke shi, mu Arceneaux ya faɗo mana. Shi nake so tun farko. Na ba ka suna don ka kai mata, ka zauna a kai."

Na janye hannuna. "Ai cewa ka yi daga ni sai kai."

"Haka nake ce maka duk shekara."

Sai na tuna bara, da waccan, da duk shekarun da yake ja na ofis yana rufe ƙofa, ina fitowa ƙirji a buɗe wai ni ne amintaccensa.

"Ko sau ɗaya ban taɓa gaya mata komai ba," na ce.

Ya daɗe yana kallona, ya ga ba wasa nake ba. Ya zuba sukari a kofinsa ya juya.

"To in haka ne, Gaskin," ya ce, "me na ajiye ka kana yi mini?"