Ruwan Gishiri

A duk asibitin da ake gwajin sabon rigakafi mutum ɗaya ce ta san abin da ke cikin kowace allura, ita ce mai haɗa magani. Kullum sai ta shiga wani ɗan ɗaki mara taga, mai sanyi kamar cikin firji, ta ja ƙofa ta hau cika sirinji. Rabin alluran sabon rigakafin zazzaɓin da ya addabi gari ne, wanda aka haɗa da DNA, wato guntun saƙon ƙwayar halitta da ke koya wa jiki gane cuta tun ba ta iso ba. Sauran rabin kuwa ruwan gishiri ne zalla. Likita bai san wanne ya yi ba, wanda aka yi wa ma bai sani ba, da haka za a gane ko maganin na aiki. Ta yi rantsuwa ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da mijinta ne.

Sai ga Auta, ƙanin mijin nata, ma'aikacin jinya, ya faɗo mata kicin a gida da safe yana naɗe hannun riga. Ashe ja'irin ya je ya miƙa kansa an yi masa allurar gwajin, bai shawarci kowa ba.

"Anti, kalli nan," ya ce. "Ba allura kaɗai ba ce fa, wata na'ura suke danna maka ta ba ka shokin irin na lantarki, wai don maganin ya ratsa tsoka. Sai da na kira sunan Mama! Ni ne na ƙarshe jiya, ni na rufe musu layi."

Wuƙar hannunta ta tsaya cak a kan albasa. Sirinjin ƙarshe na jiya da hannunta ta cika shi, kuma ta san sarai kwalbar da ta zuƙo.

"Har na ce su mayar da ni ɗakin masu zazzaɓin daga yau," ya ci gaba. "Ma'aikata sun kwanta, babu masu taimako. Ni da aka riga aka yi wa rigakafi, me zai same ni?"

"Ba a gaya muku rabi ruwa ba ne?"

"Ruwa ne zai kumbura min hannu haka? Haba Anti."

Kai, shashashan yaro! Shokin ɗin ai kowa ake yi wa, shi ke kawo kumburin. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san halinsa: zafi kaɗan, ya sauke takunkumi zuwa haɓa. In ta yi shiru, tana ji tana gani za ta bar shi ya shiga cikin masu zazzaɓin. In ta faɗa, Auta ba ya riƙe magana, kafin azahar duk asibiti ya ji. Daga nan shugabannin gwajin su ce sirri ya fita, a zubar da sakamakon mutanen da suka ba da hannuwansu, a koma farko, zazzaɓi kuma yana ta ɗiba.

Yana ɗaure takalmi bakinta ya kufce.

"Auta, ruwan gishiri aka yi maka."

Ya ɗago ya dube ta, sai ya tuntsire da dariya. "Ke dai ba kya rabo da tsokana. Haushi kike ji na fi Yaya jarumta. To, rantse."

Ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, in ta faɗe ta zai yarda nan take, kuma babu mai mayar da ita. Ta kalli hannun nasa, ta mayar da bakinta ta rufe.

"Kin gani!" ya ce, ya saɓa jakarsa. "A ajiye min abincina, zan dawo da yunwa."

Ta ji ya ja ƙofa, ta ji tashin babur ɗinsa, ba ta motsa ba har ƙarar ta ɓace.