Karramawar da Aka Yi wa Don Heriberto

Don Heriberto Cañiza ya daɗe a kujerar can baya ta zauren majalisa, wadda ta jingina da shingen katako. Dokar zauren ba ta da wasa: ma'aikaci ba ya taka jar darduma in ana zama. Amma ba dokar da ta hana sakatariyarsa Zunilda tsayawa bayan shingen, ta ranƙwafo kamar mai zuba masa ruwan tereré, shayinsu mai sanyi, tana karanta masa takardu a kunne. Idanun Don Heriberto sun tafi, inuwa-inuwa kawai yake gani. In jam'iyya ta sani, kafin sati za ta ɗora mai jiran kujerarsa, wanda kullum yake tambayar lafiyarsa da kulawar da ta wuce ƙima.

Ana nan sai jam'iyya ta tashi karrama shi.

"Don Heri, abin kunya ne," in ji jagoran 'yan jam'iyya. "Dattijo kamarka a bayan yara? Daga gobe sahun gaba."

"Ku bar ni nan, ya fi iska."

"Ku ji tawali'u! Ai har an kafa sunanka a jikin tebur."

Da tafi aka raka shi gaba, ya bar Zunilda a bayan shinge riƙe da butar ruwa. Sabuwar kujerar a bakin hanyar tsakiya take, tsakaninsa da 'yan adawa bai fi kamu ɗaya ba. Maƙwabciyarsa kuwa 'yar adawa Ña Petrona Villalba ce, wadda ta taɓa kiransa tsohon buhun rogo a rediyo, shi kuma ya rama da abin da ba ya maimaituwa.

Ran da za a duba ƙudurinsa na gina gada a garinsu, ya zo da shi a haddace. Ashe kwamiti ya yi gyara da safe. Aka ajiye masa sabuwar takarda, shugaban majalisa ya ce mai ƙuduri ya tashi ya karanta. Don Heriberto ya miƙe, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ƙara yi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar zaɓe.

Ña Petrona ta ɗaga mafici ta kare bakinta.

"A kife ka riƙe ta, tsohon banza. Juya. Yauwa. Ce: sashe na biyu..."

Haka ta dinga ba shi layi-layi daga tata takardar, yana maimaitawa da muryar nan tasa ta dandalin siyasa. Da aka zo ƙuri'a ta ɗaga murya ta ce a'a, har da buga tebur. Ƙudurin dai ya wuce.

Bayan an tashi ya ƙi motsawa, yana jin ƙarar jakarta tana tattara kaya.

"Ña Petrona, tun yaushe kika sani?"

"Tun ran da ka cire wa sandar tuta hula ka ce mata ina kwana."

"Wa kuma ya sani?"

"Duk ɓangarenmu. Mu da muke fuskantarka kullum?" Ta rataya jakarta. "Naku ne dai har yau ba wanda ya dubi fuskarka."