Yatsa Ɗaya, Sau Takwas a Rana

Shekara ashirin da bakwai Malam ya yi yana koyar da fiyano a falon gidansa, yana ɗan ƙwanƙwasa bayan hannun yara da fensir idan suka saki yatsu. Yanzu ɗalibai uku suka rage masa, kuma ɗaya ce kawai ke sa shi tashi da ɗoki ranar Asabar: 'yar wata likitar haƙori, yarinya mai kunnen kiɗa. Sauran biyun iyayensu ne ke neman inda za su ajiye su su huta. In ta tafi, shi kansa ya san koyarwar ta ƙare, sai dai reno.

Da ya ji wani kamfani na neman makaɗi a baje-kolin kayan kiɗa, sai ya goge takalmi ya tafi. Makeken zaure ne, rumfa na jingine da rumfa, ko'ina sababbin fiyano na lantarki masu fitilu da gilashin taɓawa irin na waya, kowanne na ƙoƙarin danne maƙwabcinsa da ƙara. Manajan rumfar kamfanin ya saurari kiɗansa minti ɗaya ya ɗaga hannu.

"Baba, ka iya. Matsalar ke nan. Mu wanda bai iya ba muke nema."

Aikin dai shi ne Malam ya saje da 'yan kallo, riƙe da leda kamar mai wucewa. In manaja ya tambaya wa bai taɓa taɓa fiyano ba, ya ɗaga hannu a kunyace. Ya fito, ya danna koren maɓalli, ya dinga dangwala yatsa ɗaya, na'ura ta kawo ganga da jita da ƙaho da kanta. Sannan ya buɗe baki don mamaki. Sau takwas a rana.

Abin ya ci masa rai, amma Malam mutum ne da ba ya yin aiki rabi da rabi. Ya koma gida ya yi atisayen rashin iyawa a gaban madubi. Zuwa rana ta biyu har hannunsa rawa yake, wata mata ma ta dafa shi ta ce kada ya ji tsoro, na'urar ba ta cizo.

Rana ta uku, yana tsaka da dangwale, ya ɗaga kai. Ga Likita, uwar ɗalibar tasa, a sahun gaba, ta rungume jakarta, tana kallonsa.

Kunya ta rufe shi har wuya. Ya ajiye ledar. Ya kashe koren maɓallin, ganga da ƙaho suka ɗauke, ya zauna sosai ya saukar da yatsu goma. Ya yi kiɗan da bai yi ba tun yana saurayi, hagu na tafiya a hankali, dama na gudu tana dawowa. Mutanen rumfar da ke kusa suka rage ƙarar nasu. Da ya gama, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Manaja bai ko ƙifta ido ba. Ya ɗaga makirfo.

"Jama'a, kun gani da idonku! Minti biyar kacal da fara taɓa ta!"

Tafi ya ɓarke. Aka yi caa a kan na'urar, masu shafawa na shafawa, masu hoto na ɗauka, har wani ya roƙi Malam ya ɗan matsa yana tare haske.

Likita ta same shi a bayan rumfa, wajen kwalaye, yana neman ledarsa.

"Likita, bari in yi miki bayani..."

"Haba Malam, ai ni na san kun iya. Wa zai ruɗe ni?"

Ya sauke ajiyar zuciya, har ya fara murmushi.

"Sai dai na tsaya na saurari duka biyun," ta ce, "na yatsa ɗaya da na goman. Tsakani da Allah, na farkon ya fi cika kunne, ga ganga ga komai. Na ce su kai mana na'urar guda ɗaya gida. Kun ga kun huta, ranar Asabar ba sai yarinyar ta zo ta dame ku ba."

Ta yi masa godiya sosai, irin wadda ake yi wa mutumin da ya ba da shawara mai kyau. Daga gaban rumfa manaja ya leƙo, ya nuna masa agogo: saura minti huɗu a sake.