Ba Giya Ba Ce

Mas'ud ya rubuta rabin darasi a allo ke nan wayarsa ta yi ƙara. Balkisu ce, majo mai duba marasa lafiya a likitar Gangara, ƙaramin asibitin garin, wadda suka yi lakol, makarantar boko, tare tun suna ƙanana, tun lokacin da aka laƙaba masa suna Mushe.

"Mushe, ka san wani dattijo Jaye? Matarsa ta kawo shi cikin amalanke. Amai yake yi, kuma ya ce farin hayaƙi yake gani. Ta zo da wata kwalba mai rubutunka a jiki. Harafi huɗu da lamba uku a tsakiya."

Mas'ud ya ajiye alli.

"Sha ya yi?"

"Jiya da hantsi. Kofin shayi guda, in ji ta."

Ya san Jaye. Shekara talatin shanun gidansu suna hannun wannan Bafulatanin, tun mahaifinsa na da rai. Lokacin da Mas'ud ya tafi Aljeriya karatun shimi, ilmin haɗa sinadarai, shanu huɗu ne, da ya dawo bayan shekara shida ya tarar da tara. Ya kuma san kwalbar. Shekaranjiya, ranar kasuwa, Jaye ya tare shi a gindin bishiyar bedi ya ce wata saniya ta yi rauni a cinya, ƙudaje sun dame ta. A jakar Mas'ud akwai alkol, ruwan sinadarin da yake zuba wa fitilar gwaji a aji. Ya ɗura masa rabin kwalba ya ce a riƙa wanke wurin.

Jaye ya buɗe, ya sansana, ya janye hanci.

"Ɗan Malam, wannan ba giya ba ce ko? Ni ban son in taɓa najasa in je salla."

"Ba giya ba ce, Baffa."

Kuma gaskiya ya faɗa. Giya etanol ce, karbon biyu gare ta. Wannan metanol ne, karbon ɗaya. Yana koya wa yara bambancin duk shekara, yana jan layi ja a ƙarƙashinsa. Har wani daɗi ya ji a lokacin, na mutumin da aka tambaya abin da ya sani ya ba da amsa daidai. Daga nan wani ya kira shi wajen masu albasa, ya ɗaga hannu ya wuce. Kalma uku suka rage bai faɗa ba: kada ka sha.

Ya ce wa yaran su kwafe abin da ke allo. Ya shiga buro, ofishin makarantar, ya karɓi makullin kabad, ya ɗauko kwalbar etanol da ba a taɓa buɗewa ba, ya naɗe ta cikin rigar ruwa ya hau moto. Daga Gazawa zuwa Gangara hanya ta ci ruwan damina, gero ya fi mutum tsayi hagu da dama. Duk tafiyar darasinsa ne yake zagaya masa a kai. Metanol da kansa ba ya kisa. Hanta ce ke kama shi ta mai da shi aldehid, ta mai da aldehid ɗin asid, irin asid ɗin da tururuwa ke cizo da shi. Asid ɗin kuwa jijiyar ido yake fara ci. Kwana guda ke nan hantar Jaye tana wannan aikin.

Ya same shi kwance a gadon ƙarfe, yana numfashi da sauri kamar wanda ya yi gudu. Matarsa Asta tana zaune a ƙasa, riƙe da sandarsa.

"Wa ya shigo?" in ji Jaye.

"Ni ne, Baffa."

"Mushe ne. To, mushe ya zo gaida wanda ya kusa zama mushe."

Babu wanda ya yi dariya sai shi, ita ma tari ya katse ta.

Asta ce ta ba da labarin, ba tare da ta dubi Mas'ud ba. Maigidan ya jefa sassaƙen maɗaci cikin kwalbar don maganin saniya ya ƙara ƙarfi. Kafin a jima ruwan ya yi ja wur. Shekara da shekaru yana ganin masu jiƙo a kasuwa suna sayar da irin wannan don ciwon baya, bai taɓa kusantarsu ba saboda an ce da giya suke jiƙawa. Yanzu ga ruwa mai tsotse magani daga itace, kuma ɗan Malam da bakinsa ya ce ba giya ba ce.

"Ni na sha," in ji Jaye. "Ba wanda ya ba ni. Majo, haka za ki rubuta."

"Ni na ba shi," Mas'ud ya ce. "Ban gaya masa guba ce ba."

Balkisu ta ɗago daga takardarta.

"Ku biyun ku bari sai an jima ku raba laifin. Na kira likita a Maradi. Mota na tafe, amma sai ta kai azahar. Ya ce in akwai etanol mai tsabta a fara ba shi yanzu, ya faɗa mini yadda zan sirka. Nawa na nan an gauraya shi da abin hana sha. Ka kawo?"

Ya kwance rigar ruwan ya miƙa mata. Ta duba hatimin, ta auna, ta sirka da ruwa da sukari cikin kofin silba. Ta sa hannu ta ɗago kan Jaye. Kofin bai kai bakinsa ba ya kau da fuska.

"Warin nan kuma. Ɗan Malam, wannan mi ne ne?"

Balkisu ta dubi Mas'ud, ta ɗan girgiza kai. Ya gane abin da take nufi. In ya ce magani ne, dattijon zai haɗiye, a gama. Jaye ba ya gani, ba ya karatu, kuma har yanzu bai daina yarda da bakinsa ba. Asta ma ta ɗago tana kallonsa karon farko.

"Giya ce, Baffa."

Balkisu ta yi tsaki a hankali.

"Giya," Jaye ya maimaita.

"Ita kanta. Abin da ke sa maye cikin kowace giya, shi ne wannan, ba gauraye."

"Shekarata sittin da wani abu ban san ɗanɗanonta ba. Ka ba ni wadda ba giya ba, ta ɗauke mini ido. Yanzu ka kawo giyar ka ce ita ce magani. Wannan karatu kuka yi a ƙasar Larabawa?"

"Shi ne."

"To ban sha. In tafiyar ce, in tafi da bakina da tsarki."

Mas'ud ya ja kujera ya zauna kusa da kansa. Bai iya lallashi ba, bai taɓa iyawa ba. Abin da ya iya shi ne bayani, shi ma ga inda ya kai su.

"Baffa, in ka kai shanu rijiya da rani, kwami ɗaya, wa ke fara sha?"

"Bajimi."

"Sauran fa?"

"Su jira. Wadda ta gaji ta juya."

"Hantarka kwami ɗaya gare ta. Abin da ka sha jiya yana bakin kwamin, duk wanda ya sha sai ya zama dafi. Wannan na kofin ya fi shi ƙarfi. In ya shiga zai ture shi ya tsare wurin, wancan ya jira har ya fita da fitsari bai zama dafi ba. Wanda ya riga ya zama, ya zama. Sauran nake so mu tare."

"Idon zai dawo?"

"Ban sani ba."

"Kai kullum ka sani."

"Wannan ban sani ba. Na san dai in ba ka sha ba, wanda ya rage ma zai tafi. Mai yiwuwa har da kai."

Jaye ya juya wajen da yake zaton matarsa take, ya yi mata magana da Fulatanci. Ta amsa a gajarce, da kaifi. Balkisu, da take jin yaren, ta sunkuyar da kai tana danne murmushi.

"Mi ta ce?" Mas'ud ya tambaya.

"Ya ce ta je ta tambayo liman. Ta ce liman na gona, kuma ko ita da ba ta yi allo ba ta san wanda yunwa za ta kashe an yarda ya ci mushe. Ta ce in ya makance ita ba ta iya bin shanu da jan makaho lokaci guda."

Jaye ya miƙa hannu yana laluben iska.

"Ba majo ba. Ɗan Malam ya ba ni da hannunsa. In an tambaye ni gobe kiyama in san wanda zan nuna."

Mas'ud ya karɓi kofin. Ya tallafi ƙeyar dattijon, wadda ta jiƙe da gumi, ya kafa masa a baki. Jaye ya yi bisimilla, ya tsaya kamar yana tunanin ko ta dace a nan, sannan ya shanye yana yamutsa fuska.

"A kan wannan abin mutane ke sayar da gonakinsu?" ya ce.

Mota ta zo bayan azahar. Kwana tara suka yi a Maradi. Mas'ud ya nemi izini a lakol ya zauna da su, yana sayo fura, yana bin ma'aikata da tambaya har suka gaji da shi. Ranar sallama likita ya kira shi gefe ya ce ran ya tsira, idon dama ya mutu, na hagu yana ganin haske da motsi, kuma kada a sa rai da fiye da haka.

Bayan an yanke gero ya hau moto ya je rugar. Sauran makiyaya sun fara sakin dabbobi cikin karan gonaki. Jaye yana zaune a tabarma a inuwar gawo, fuskarsa wajen garken. Sun gaisa. Mas'ud ya zo da magana a bakinsa, ya shirya ta tun a hanya, ta neman gafara. Ya fara, Jaye ya ɗaga hannu.

"Ka faɗa a likitar Gangara, na ji. Kada ka mai da ita waƙa. Ƙanena zai zo daga Cadakori ya ɗauki garken, naku da nawa. Yana da kirki amma bai san su ba. Zauna."

Ya zauna.

"Akwai wata can ta ware, ina ganin duhunta. Tsaye take ko kwance?"

"Kwance."

"Wace ce?"

Mas'ud ya duba. Saniyar gidansu ce ko ta Jaye, bai sani ba. Bai san sunan ko ɗaya ba.

"Ja ce. Ƙahonta na hagu ya karkace ƙasa."

"Woɗeye. Ta ubanka ce, jikar ta farko. Tana tuƙa?"

"Ban gane ba."

"Bakinta, Mushe. Yana motsi?"

Mas'ud ya tashi ya matsa kusa, ya tsuguna cikin kara yana kallon bakin saniyar.

"Ba ya motsi."

"To ba lafiya ba. Taɓa kunnenta ka gaya mini, da zafi ko da sanyi."