Ramin da Ba Ya Cika

Babbar mota ta dira ƙafarta ta gaba cikin ramin, ta yi tangal-tangal kamar za ta zubar da buhunan da ke kanta. Kafin ta daidaita, Amarya ta isa tagar direba da farantin lemo a ka. Mijinta, wanda direbobi ke kira Mai Shebur, yana gefe yana watsa jar ƙasa a ramin. Direban ya sayi lemo, ya jefa wa Mai Shebur ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ja mota.

Tun da aka kawo ta ƙauyen nan hanyar take ba ta mamaki, ita kuwa ba ta iya haɗiye tambaya. Surukinta, wanda ya yi leburanci a ƙuruciya, shi take tasawa gaba.

"Baba, wai ina hanyar nan ta nufa?"

"Da can turbar jakuna ce, 'yar nan. Aka ce za a kai kwalta har bakin iyaka. Mu muka fasa mata dutse. Ta taso daga mararrabar gidan mai, ta haye gada biyu, ta zo nan ta yi kwana don kauce wa maƙabarta."

"Daga nan fa?"

"Daga nan kwalta ta ƙare a tsakiyar daji, ɗan kwangila ya ɓace." Ya yi dariya har da tari. "An ce asibiti da masaƙa za su biyo ta. Samarinmu kawai ta kwashe."

"To, Baba, me ya sa ramin kwanar nan ba ya cika? Kullum zuba masa ƙasa ake yi. Sauran ramuka bakinsu a zaizaye, shi kuwa kamar an yanka da wuƙa."

Tsohon ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

* * *

Da sassafe ta ga mijinta ya fita, ya bar shebur a jingine. Ta yafa mayafi ta bi shi daga nesa. A bayan wata tsohuwar kwalbati ya zaro diga. Ta tsaya tana kallo yana kwashe ƙasar da ya zuba jiya, yana ƙara sarar gefen kwaltar a tsanake, kamar mai gyaran kunya a gona.

"Maigida!"

Ya juyo a firgice, sannan ya sauke digar a hankali.

"Abin da mahaifinka ya gina kake fasawa?"

"Ya sani." Ya share gumi da gefen riga. "Kafin ramin nan, kin san yadda suke wucewa? Kamar iska. Ko kallonmu ba sa yi. Lemonki ma, don Allah, wa zai tsaya ya saya?"

Ta tuna buhun hatsin da ya kusa ƙasa, da maganin tarin Baba. Ta juya gida ta wanke faranti.

* * *

Ana tsakiyar rana wani babur ya shawo kwanar a guje, ɗauke da malamar asibiti da akwatin allurar rigakafi. Mai babur baƙo ne, bai san wurin ba. Amarya ta ji ƙarar kafin ta gani. Matar tana kwance a gefen titi, ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ƙananan kwalabe sun tarwatse a kan kwalta. Mai Shebur ne ya fara isa, ya tallafo kanta.

Motoci suka jeru, fasinjoji suka firfito suna salati, suna zagin gwamnati. Rana ta yi zafi, jiran motar da za ta ɗauki matar ya yi tsawo, sai suka fara miƙo hannu suna neman lemo. Wani mai farar riga ya tambayi Amarya yana tsotsar lemo, "Baiwar Allah, ramin nan ya daɗe haka?"

Ta dubi mijinta. Kansa a sunkuye yake.

"Tun zuwana nake ganinsa," ta ce.

Ba a taɓa sayen lemonta kaf ba sai ranar. Da yamma ta yi cefane har da nama, abin da suka daɗe ba su gani ba. Ta zuba wa kowa, ta koma bakin murhu ta zauna. Daga inda take tana jin ƙarar cokali yana kankare gindin kwano.