Sandar da ke Ƙarƙashin Benci

Garba yana cikin daddaɓe tsakuwa a hanyar da ta zagaye kududdufin unguwarsu a Dukawuya, sai ya ji ƙugin tifa a bayansa. Bai waiwaya ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa irinta, kududdufi bakwai aka cike da hannunsa a cikin birni. Ya san kukan wadda ta ɗauko jar ƙasa. Balbelun da ke kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya.

Shekara uku ke nan da ya ajiye tuƙi ya kama wannan aiki, ba wanda ya sa shi. Ya kwashe bola, ya shimfiɗa fasassun bulo, ya dasa darbejiya, ya kafa benci biyu. Ruwa ya washe, kirinjijiya suka dawo, har da zalɓe. Sai dai kududdufin na gidan Alhaji Mailafiya ne, kakanninsa suka haƙa suka yi gini da ƙasar. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Alhaji, babban ɗansa Abdulhakeem ke riƙe da komai, shi kuwa shaguna yake so a wurin.

Bayan la'asar mai unguwa ya tara mutane a gindin tsamiyar kan maganar cike kududdufin. Aka turo Alhaji a keke, an rufa masa mayafi a cinya.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni," in ji Abdulhakeem. "Baba Garba, ban da kai da tsuntsayenka, wa ke bin hanyar nan?"

"Yara suna cika ta ran Juma'a."

"Yara ai ko kwata ce shiga suke." Aka yi dariya. "Faɗi sunan dattijo ɗaya da yake amfana da ita. Ɗaya tak. Wallahi yanzu in sallami tifar."

Sunan yana kan harshen Garba. Wata huɗu cur, kullum bayan asuba, shi yake fito da Alhaji ta ƙofar baya ya riƙe shi yana koyon tafiya a hanyar. Ran farko taku shida Alhaji ya yi ya zube a kan benci yana haki. "Garba, amana na ba ka," ya ce masa. "Ba na son Dukawuya ta gan ni ina jan ƙafa. Ko 'ya'yana."

Garba ya dubi ruwan. Kazar ruwa tana ratsa bado, 'ya'yanta a bayanta. Kunyar mutum ɗaya ta fi wannan nauyi? Bakwai ya binne, wannan kaɗai ya raya. Kalma ɗaya ta isa, kuma ba ƙarya ba ce. To amma wanda ya ci amana don ya tsira da alheri, me ya rage a hannunsa?

"Ba ni da sunan da zan faɗa," ya ce.

Abdulhakeem ya ɗaga wa direba hannu. Tifa ta fara ja da baya zuwa bakin ruwan.

"Kai, Garba." Muryar Alhaji ce, a karkace amma da ƙarfi. "Taurin kanka ya fi na jakin Ƙofar Wambai. Miƙo min sandata."

"Baba, wace sanda?" in ji Abdulhakeem.

Garba ya sunkuya ya zaro ta daga ƙarƙashin benci. Alhaji ya ture mayafin, ya dafa, ya miƙe. Ɗansa ya zabura zai riƙe shi, Alhaji ya buge hannun.

Ya kama hanya, ƙafar hagu tana shara a tsakuwa. Mai unguwa ya bi shi, jama'a suka bi mai unguwa. Mata suka leƙo daga zaure, wata ta rangaɗa guɗa, yara suka ɓarke da ihu.

"Ku yi a hankali, za ku tashi zalɓe," Alhaji ya ce, ya nuna da sanda. "Ga shi can. Kullum nan yake tsayawa, ya fi wasunku zuwa aiki a kan lokaci."

Sau biyu ya huta, bai zauna ba. Da ya dawo gindin tsamiyar rigarsa ta jiƙe sharkaf. Abdulhakeem yana tsaye riƙe da keken da ba kowa a ciki, yana goge ido da hannun riga.

Direba ya leƙo ta taga. "Alhaji, kayan fa? In koma da su?"

"Tambayi Garba," in ji Alhaji.

Garba ya san wurin. Bayan benci na biyu akwai wani ɗan kwari inda ƙafar Alhaji take tuntuɓe kowace safiya. Ya je ya tsaya a bayan tifar, ya ɗaga hannu yadda yaran mota suke yi masa a da.

"Taho. Taho kaɗan. Ya isa, juye nan."