Jirgi Marar Farfela

Elwood Styron ya durƙusa a kan siminti, ya zura hannu ƙarƙashin jirgin da ke ɗore a kan tirela, ya lalubo ragar ƙarfen da inji ke zuƙar ruwa ta cikinta. Yatsunsa uku suka shige tsakanin sandunan. Ya san abin da zai bi ta nan: ciyawar ruwa da yashi da duk tarkacen da tekun Core Sound, da ke gefen tsibirinsu, ke amayarwa idan iska ta juya. Ya zare hannun, ya goge a wando.

"Baba, tashi mana, ka tausaya wa gwiwarka," in ji Lorna, 'yarsa.

"Gwiwar ce ta kawo miki ƙara?"

Ya miƙe da kansa, ya ƙi kama hannun da ta miƙo masa. Can gefe mijinta Brantley, likitan haƙori daga birnin Raleigh, yana tsaye da dillalin jiragen, wani mai suna Kip da ya maƙale tabarau a ƙeya. Tun da suka iso Kip ya gane aljihun da za a taɓa, saboda haka Brantley ne "yallaɓai", shi kuma Elwood "Kyaftin", irin kyaftin ɗin da ake ce wa duk tsohon da ya shigo da hular masunta.

Wata bakwai ke nan rabon Elwood da riƙe sitiyari. Bara da kaka jini ya ɗan toshe masa a ka, hannun hagu ya yi mako uku ba ya jin magana. Hannu ya dawo, amma jirginsa na kamun jatan lande bai dawo ba, domin Lorna ta kawo masa takardar sayarwa har gadon asibiti, ya sa hannu da ido a rufe don kada ya ga tana kuka. Tun daga nan aikinsa zama a baranda yana kallon jiragen wasu suna fita da asuba. Mutumin da ya shekara hamsin da biyu a kan ruwa, sai ga shi yana ban ruwan tumatir.

Da bazara ta kama, sai Lorna ta sauko da kanta. Za su sayi jirgin shaƙatawa saboda 'yan matanta biyu, za a ajiye shi a gadar katakon da ke bayan gidansa. Idan ya tuƙa lafiya ranar gwaji, makulli ɗaya nasa ne, ya fita duk sanda ya ga dama. Sharaɗinta ɗaya: ban da mai farfela. Tana 'yar shekara tara ta ga yadda farfela ta yi wa ƙafar Clem, ƙanen mahaifinta, kuma har yau ba ta son jin zancen. Don haka sai jirgin ruwa mai tafiya da feshin ruwa, irin wanda tsofaffin tsibirin ke kira bahon 'yan birni. Shi kansa Elwood ya sha faɗin haka a rumfar kifi, ya fi kowa ma dariya. Yau kuwa ko da bahon gaske aka ce ya tuƙa, zai karɓa da hannu biyu.

"Baba, ga biyu, wanne ka gani?" in ji Brantley. "Ni dai jan nan ya kwanta mini. Ka ji sautin lasifikarsa kuwa?"

"Da lasifika za ka keta ruwa?" Elwood ya daki gefen jan da tafin hannu. "Wannan na tafki ne, cikinsa shimfiɗe kamar faranti. Ƙarfe biyu na rana iskar kudu maso yamma za ta taso, ya dinga buga ku har haƙoranku su kaɗa, ka samo wa kanka aiki." Ya nuna farin da ya gama lalube. "Wancan ya fi tsawo da ƙafa uku, ƙirjinsa da kaifi, gefensa da tsayi. Ruwan gishiri yana shiga cikin injin, ko kuwa?"

Kip ya ɗan dube shi da kyau a karon farko. "Ba ya shiga can ciki, Kyaftin, na bakin teku ne. Yallaɓai, surukinka ya san abin."

"Na san abin," Elwood ya maimaita a ƙasan maƙoshi.

Lorna ta yi murmushi, kuma murmushin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya so. Maganar ciyawa ta zo masa har kan harshe, ya haɗiye. In ya faɗa, Brantley zai ce a koma a yi nazari, nazarin Brantley kuwa yakan ci shekara. Shi ya san inda ciyawar take, zai kauce mata, shi ke nan.

Ana sauke farin a ruwa Kip ya matso. "Abu ɗaya, Kyaftin. Wannan ba shi da allon juyi a ƙasa kamar naku. Ruwan da yake fesawa ta baya shi ke tura shi, shi ne kuma ke juya shi. In ka saki totur gaba ɗaya, to…"

"Ɗan samari, tun kafin a yaye ka nake shiga da fita ta wannan mashigar."

"Haka ne, Kyaftin."

Da suka zauna a ciki Kip ya sake farawa, wannan karon yana fuskantar Brantley. Elwood ya ji muryar sama-sama, yana cewa "na ji, na ji", amma hankalinsa na kan sitiyarin da ke cikin tafinsa da ƙanshin ruwa da laka.

Suka fita. Jirgin ba shi da nauyi ko kaɗan, ana taɓa shi yake zabura, amma kafin su wuce alamar hanyar ruwa ta uku Elwood ya gane halinsa. Ya bi ruwan da ya yi kore mai duhu, ya bar mai launin shayi a hagu, inda ciyawa ke kwance. Ya ratsa ta bayan tudun yashin da babu shi a taswirar da ke allon jirgin, Kip ya leƙa allon, ya leƙa ruwa. Da suka fita fili ya danna totur, ƙirjin jirgin ya ɗaga ya kwanta, iska ta cika masa riga. Murna ta kama shi irin wadda ya manta akwai ta, har idonsa ya kawo ruwa, ya ɗora laifin a kan iska. Hannun hagu yana riƙe da sitiyari daram. Lorna ta dafe gashinta tana dariya, ta ɗauke shi hoto.

"Ka ganka kuwa, Baba? Kamar an cire maka shekara ashirin."

"A mayar mini da su, ina da abin yi da su."

A hanyar dawowa ya hango benci a kan gadar da suka tashi daga gare ta, da tsofaffi uku zaune a kai. Na tsakiya Purvis Gaskill ne, abokin hamayyarsa tun suna samari, wanda ya zo duba shi a asibiti ya ce masa ai kowa da ranar ajiye aiki. Labari ya riga ya zaga ke nan cewa Elwood Styron na gwada baho.

To, a tsibirin nan kowane matuƙi da abin da aka san shi da shi, Elwood kuwa da yadda yake shigowa gada aka san shi. Yakan kashe inji tun daga alamar ƙarshe, ya bar jirgi ya sulalo shiru da sauran gudunsa, ya karkata sitiyari sau ɗaya tak, gefen jirgi ya zo ya jingina da katako a hankali, ko kofin shayi ba zai zube ba. Mutane kan bar aikinsu su kalla. Bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa ma. Suna kaiwa alamar, hannunsa ya ja totur baya, ya murɗa makulli.

Shiru ya sauka. Jirgin ya ci gaba da sulalawa, ya nufi turken kusurwar gadar. Elwood ya karkata sitiyari, jirgin bai karkata ba. Ya ƙara, ya murza har ƙarshe, sitiyarin yana juyawa sakayau kamar ba a haɗa shi da komai ba.

"Kunna, Kyaftin, ba shi wuta," in ji Kip, ya taso.

Amma wane matuƙi ne ke ƙara wuta yana fuskantar turke? Shekara hamsin da biyu suka riƙe masa hannu. Ƙirjin jirgin ya daki turken, gadar ta girgiza, Brantley ya zube a kan kujera, Lorna ta bugi gefen gilashi da baki.

Ba wani babban karo ba ne. Fenti ya tsage kamar tsawon hannu, leɓen Lorna ya fashe. A kan benci babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Purvis ya taso a hankali, ya karɓi igiya ya ɗaure, yana kallon igiyar kawai.

Brantley ya duba haƙoran matarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu wanda ya motsa. Ita ba ta ma san yana yi ba. Ta danne leɓe da hankici, idonta a kan hannun hagun mahaifinta.

"Hannun ne, Baba? Faɗa mini gaskiya."

Ya ɗaga hannun, ya dunƙule, ya buɗe, ya taɓa kowane yatsa da babban yatsa yadda likita ke sa shi yi. "Lafiyarsa ƙalau. Jirgin ne. In babu feshi ba ya juyawa, yanzu na gane. Duk wanda ya saba da namu haka zai yi a karon farko. Tambaye shi."

Lorna ta juya ga Kip. Elwood ma ya dube shi, kuma bai taɓa roƙon wani da ido haka ba. Kip ya san gaskiya ce, ya ga masunta nawa sun yi haka. Amma ya dubi tsagar fentin, ya dubi Brantley, ya lissafa wanda zai iya ɓata wa rai.

"Haka jirgin yake, ranki ya daɗe. Shi ya sa na yi bayani kafin mu tashi. Sau biyu."

"Sau biyu," in ji Brantley a hankali. "Na ji shi. Kai ma ka ce ka ji, Baba."

Elwood ya ga fuskar 'yarsa ta sauya, ya gane ya yi wa kansa. Da ya ce hannu ne, da an ce a jira wata shida a sake gwadawa, hannu yana warkewa. Yanzu ta daina kallon hannun, kansa take kallo, da irin tausayin da ake yi wa wanda ya fara sa takalmi a firji.

"Ban manta ba, Lorna. Ban saurara ba ne."

"Na sani, Baba."

"Girman kai ne, ba ciwo ba. Tun kina cikin zani haka nake, tambayi Purvis."

"Na sani," ta sake cewa, da muryar da ma'aikatan jinya ke amfani da ita. "Da 'yan matan na ciki fa?"

Takaici ya kama shi, na kansa da na dillalin da na wannan tausayin da ba a iya faɗa da shi.

Brantley ya ce farin za su ɗauka, ai Baba ne ya zaɓa, kuma sun riga sun yi masa shaida a goshi. Ya yi dariya shi kaɗai. Aka fito da jirgin kan tirela, Kip ya miƙa makulli biyu a zobe ɗaya, Brantley ya jefa su a aljihun gajeren wandonsa ba tare da ya raba ba. Lorna ta ce jirgin a gadar Baba zai zauna kamar yadda aka yi alkawari, duk ƙarshen mako za su zo, su fita tare, shi ya dinga nuna hanya.

"Saura abu ɗaya," in ji Kip, ya jawo tiyo. "Duk fita, sai an wanke bututun injin da ruwan famfo, in ba haka ba gishiri ya cinye shi. Kuma sai inji na aiki ake yi."

"Ai wannan Baba zai iya," in ji Brantley.

Elwood ya ɗago kai. Inji ba ya aiki sai da makulli. Ya dubi Lorna, ita ma ta gane abin da ya gane, ta sauke hankicin daga bakinta.

"Brantley zai kunna kafin mu kama hanya," ta ce. "Baba sai ya kula da famfo."

Kip ya danƙa masa bakin tiyon, ya rage sauri, ya ɗaga murya yadda har benci za a ji. "To, Kyaftin, saurara da kyau. A kunna inji tukuna, sannan ka buɗe ruwa. In an gama, ka rufe ruwa tukuna, sannan a kashe inji. Maimaita mu ji."

Lorna tana jira. Elwood ya dubi tiyon da ke hannunsa na hagu, hannun ko rawa ba ya yi.

"Inji tukuna," ya ce, "sannan ruwa."